Daga ƙofar fada zuwa allon lakwal: yadda Damagaram ta koyar da ilimin sauti

Idan aka tambayi malamin firamare a Zinder ko a Mirriya mece ce ƙa'idar kiɗa, mafi yawa za su ce do, re, mi, fa, sol ce, wadda ake rubutawa a kan layuka biyar. Idan aka tambayi uba, wataƙila ya ce wannan aikin maroƙa ne, ba shi ya kai ɗansa makaranta ya koyo ba. Malamin ya ɗauka ilimin daga Faransa ya zo, uban kuma ya ɗauka babu wani ilimi a ciki. Tarihin Damagaram bai goyi bayan ko ɗayansu ba. Tun kafin a kafa allon farko na boko a Zinder akwai masu koyar da hawa da saukar sauti, suna da ɗalibai, suna da matakan koyo, har da jarrabawa. Abin da ba su da shi kawai shi ne takarda. Wannan rashin takarda ne ya sa yau ilimin yake neman bin masu shi zuwa kabari, kuma malamai da iyaye ne kaɗai za su iya tare shi.

Masarautar da ta riƙe makaɗanta

An kafa sarautar Damagaram wajajen 1731, a hannun wani malami da tarihi ya riƙe da sunan Malam Yunus. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da gadon sarauta Zinder. Ɗansa Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kai masarautar ƙololuwar ƙarfinta: ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ayarin fatake kuma suna ta zirga-zirga tsakanin Kano, Zinder, Agadas da Tarabulus. Masanin tarihi André Salifou, ɗan Zinder, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa yau, ya rubuta tarihin wannan zamani a littafinsa na 1971.

Abu biyu a cikin wannan tarihi sun shafi kiɗa kai tsaye. Na farko, Damagaram ta kasance ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga daular Sakkwato ba. Jagororin jihadin 1804 sun yi rubutu mai tsauri a kan kaɗe-kaɗen fada da na wasanni, har wani masani Bajamushe, Veit Erlmann, ya tattara waɗannan rubuce-rubuce a littafi a 1986. Fadar Zinder ba ta bi ta wannan tankaɗe ba. Na biyu, gari ne na mahaɗa. Babarbare, Bahaushe, Buzu, Bafillace, Tubawa da Larabawan Zango duk a kasuwa ɗaya suke ciniki, kowa da irin sautin da kunnensa ya saba da shi. Algaita kanta shaida ce: sunanta daga Larabci ya fito, kuma 'yan'uwanta suna nan a Maroko da Aljeriya da Barno. Kakaki ma tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa, domin tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa shi a can.

A fadojin ƙasar Hausa da Barno kiɗa sarauta ce mai tsari. Akwai Sarkin Busa, akwai Sarkin Kiɗa, akwai masu tambari, akwai Sanƙira mai fassara abin da ganga ta faɗa. Daren Juma'a ana yin sara a ƙofar fada, ranar Salla kuma kowa ya fito da iyakar gwanintarsa. Wanda ya busa taken wani basarake ga wani daban ya yi abin kunya a gaban gari duka. Jarrabawa ke nan da ta fi ta takarda zafi.

Yadda ake koyo ba tare da allo ba

Gidan makaɗi shi ne ajin. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da zama kusa da ubansa yana saurare. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga, irin kuntukuru ko kanzagi, wadda aikinta shi ne riƙe bugu ɗaya ba canji. Wannan shi ne darasin farko: ka riƙe lokaci ko da na kusa da kai yana yin wani abu daban. Sai ya shiga cikin 'yan amshi, ya koyi inda jagora yake ajiye murya da inda ake karɓa. Sai bayan shekaru a ba shi babbar ganga ko algaita. Mai koyon algaita yana da ƙarin wahala, domin sai ya iya shaƙar iska ta hanci alhali yana tura wadda ya tara a kumatu, yadda sauti ba zai yanke ba. Har yau masu busa a Turai suna shan wahalar koyon wannan dabara.

To ina ƙa'idar take? Tana cikin harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da murya sama, ko ƙasa, ko mai faɗuwa. Ku faɗi "wuya" ta jiki, sannan ku faɗi "wuya" ta wahala. Baƙaƙe da wasula ɗaya ne, amma ta farko ta fara sama ta sauka, ta biyu ta fara ƙasa ta hau. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Makaɗin kalangu yana matse tsirkiyoyi a hammata fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, da haka gangar take bin karin kalma har mai saurare ya gane maganar. Kakaki, duk tsawonsa, sauti biyu yake dogaro da su, na sama da na ƙasa, kuma sun ishe shi yin kirari saboda harshen ma a kan biyun nan ya tsayu. Wani abin lura kuma, jimlar Hausa takan fara da ƙarfi sama ta riƙa gangarowa har ƙarshe, shi ya sa waƙoƙinmu da yawa suke farawa da ɗaga murya su sauko su kwanta. Ɗan makaɗi ya san duk wannan a kunne da yatsa, ko da bai taɓa ba shi suna ba.

Tsani mai mataki biyar

Bari mu fayyace abin da littattafan Turawa suke kira sikeli, wanda za mu kira tsanin sauti. Idan namiji da ƙaramin yaro suka rera waƙa ɗaya tare, muryar yaron tana sama, amma kunne yana jin su a matsayin sauti ɗaya. Dalili shi ne muryar yaron tana kaɗawa ninki biyu na ta babban. Wannan tazara, daga sauti zuwa ninkinsa, ita ce tsawon tsanin. Tambayar da kowace al'umma ta amsa da kanta ita ce: mataki nawa za a sa a tsakani?

Turawa sun sa bakwai: do, re, mi, fa, sol, la, si. Yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa, kamar na maƙwabtanmu Zabarmawa da Buzaye da Barebari, biyar suke amfani da su. Idan za a kwatanta da sunayen Turawa, mafi kusa shi ne do, re, mi, sol, la, wato an tsallake fa da si. Wannan ba gajiyawa ba ce. Irin tsanin nan shi ne ginshiƙin tsohon kiɗan Sin, da na Habasha, da na Sudan, da waƙoƙin ƙauyukan Hangare. Duk wanda yake da fiyano a kusa ya gwada danna baƙaƙen maɓallai kaɗai. Biyar ne a kowane zagaye, kuma zai ji abin da ya fito ya yi kama da waƙar gaɗa ko ta daka.

Sai batun mazauni, wanda shi ne abin da masana suke nufi da yanayi ko launin tsani. Matakai biyar ɗin nan ba sa canzawa, amma waƙa tana iya zaɓar kowane ɗaya daga cikinsu ya zama gidanta, inda take komawa ta huta. Idan ta zauna a kan do, kunne yakan ji ta a sake, da walwala. Idan ta zauna a kan la, sai ta yi nauyi, kamar mai tuna wani abu. Tsani ɗaya, mazauni biyar, launi biyar. Mai goge da ya ɗaure tsirkiyarsa ya ce wa yaransa wannan waƙa ba a nan take kwana ba, maganar mazauni yake yi.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. An raba fiyano gida goma sha biyu daidai wa daida, amma algaita da goge da gurmi ba su san wannan rabo ba. Wani matakin nasu yakan faɗo tsakanin maɓallai biyu. Tun da fiyano ta mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa a shekarun 1990, tare da finafinan Hausa, kunnen yaranmu ya fara ɗaukar sautin fiyano a matsayin daidai, na algaita kuma karkatacce. Na'urar gyaran murya ta kwamfuta ta ƙara tsananta abin, domin takan jawo kowace murya ta dora ta a kan maɓalli mafi kusa. Haka ake rasa gado ba tare da kowa ya yi niyyar zubar da shi ba.

Makarantar allo ma tana da nata

Iyayen da suke ƙyamar batun su tuna cewa malaman Musulunci sun daɗe da nazarin sauti a matsayin reshen lissafi. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, ya auna tazarar sautuka da lambobi. Safiyuddin Al'urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya tsara tsanuka da mazaunansu a Bagadaza. Sunayen da matasa masu sauraron ƙira'ar Masar suke ji yau, irin su Bayati, Hijaz, Rast, Saba da Nahawand, sunayen mazaunai ne. Ilimin aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a ƙarni na 8, awon gajeriyar gaɓa da doguwa ne, kuma da shi malamanmu suka auna rubutattun waƙoƙin Hausa na wa'azi da bege. Almajirin da yake rera Ishiriniya a watan Mauludi yana riƙe da awo da kari da mazauni gaba ɗaya. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma kowane gida yana da matsayinsa, wanda ya kamata makaranta ta girmama. Amma sanin yadda murya take hawa da sauka bai buƙaci ganga ba, kuma ladan da mai karatu da mai wa'azi duk suna amfana da shi.

Zuwan Faransa da layuka biyar

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A Yulin 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka shiga gari. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, kuma sai a 1923 aka mayar da sarautar a hannun Barma Mustafa. Zinder ta zama hedikwatar Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Makaɗin fada da sarki yake ci, da sarki yake sha. Idan aka rage wa sarki ƙasa da haraji, an rage wa makaɗi hatsi da riga, kuma ɗan da ya ga ubansa yana fama ba zai yi ɗokin gadon ganga ba. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Mu'azu Ɗan Alalo, shahararren mawaƙin fadar Damagaram, ya bar mana waƙarsa a kan wani Bature mai suna Bodo da wahalar aikin tilas, wadda masana suke nazari har yau a matsayin shaidar tarihi.

Lakwal ta zo da nata kiɗan. Sunayen do, re, mi sun samo asali daga wani malamin coci na Italiya, Gido na Arezo, a ƙarni na 11, wanda ya ƙirƙiro tsarinsu don yara su riƙa haddace waƙa da sauri. Dabara ce mai kyau, kuma babu laifi a aro ta. Matsalar ita ce yadda aka shigo da ita: mushe yana koyar da waƙoƙin Faransanci masu mataki bakwai, yaro kuma ya koma gida ya tarar da uwarsa tana rera mai mataki biyar, kuma babu wanda ya gaya masa cewa ilimi ɗaya ne ya haɗa su. Ko taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1961, Faransawa ne suka rubuta shi suka sa masa kari, sai a 2023 aka sauya shi. A ɓangaren Nijeriya ma haka aka yi, sai dai can ta hanyar mishan aka shigo da salon Ingila na rubuta sautuka da haruffa.

Baƙi masu bincike ne suka fara adana namu. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar da na'urar ɗaukar murya, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da fayafayen. A 1971 David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Fremont Besmer ya yi nazarin kiɗan daren Salla na fadar Kano. Daga baya namu suka karɓa, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya rubuta jagora ga masu nazarin waƙar baka da Hausa. A Nijar an kafa gasar Ɗan Gurmu a Tawa a 1987, sannan a 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Amma Yamai tana da nisan kusan kilomita 900 daga Zinder, kuma littafin da yake kwance a laburaren Turai bai kai ga ajin Tanut ko Magarya ba.

Darasin Malam Maman Barka

Labarin da ya fi dacewa da malamai shi ne na ɗaya daga cikinsu. An haifi Malam Maman Barka a Teskar, cikin jihar Zinder, kuma malamin makaranta ne kafin ƙasa ta san shi da gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, na masunta Buduma. Ya zauna ya koya kamar kowane ɗalibi, dattijon ya damƙa masa biram ɗinsa, shi kuma ya kai ta har dandamalin Turai, aka fitar masa da faifai a 2009. Ya rasu a Nuwamban 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da sai dai a ga biram a rataye a gidan tarihi, babu wanda ya san yadda ake ɗaure ta. Tambayar ita ce, masu algaita da kakaki nawa ne a Birni yau waɗanda 'ya'yansu suka koma kabu-kabu ko suka tafi ci-rani?

Zinder ta taɓa yin irin wannan jagoranci a wani fage. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida, kuma a Zinder aka buɗe ta, da Hausa. Hujjar ita ce yaro ya fi saurin fahimta idan aka fara da abin da ya sani. Wannan hujja ce Zoltan Kodai, wanda ya rasu a 1967, ya kafa tsarin koyar da kiɗa na Hangare a kanta: a fara da waƙoƙin da yaro ya sha da nono, masu mataki biyar, daga baya a kai shi ga na wasu. Yau ana bin tsarinsa a ƙasashe da yawa. Mu da muke da irin waɗannan waƙoƙi a kowane tsakar gida, mu ne muke farawa da na aro.

Abin da malami zai iya yi gobe da safe

Ba sai an jira fiyano daga ma'aikatar ilimi ba. A samo katako, gwangwani, ƙusa biyu da wayar birkin keke. A ɗaure wayar yadda tsawon da yake kaɗawa zai zama santimita 90. A kaɗa, wannan shi ne do. A danne yadda saura 80 ne yake kaɗawa, an sami re. A 72 mi, a 60 sol, a 54 la, a 45 kuma do ta sama, wato rabin tsawo ya ba da ninkin sauti. Tsani mai mataki biyar ya kammala, kuma yara sun ga da idonsu amfanin rabi, da biyu bisa uku, da huɗu bisa biyar. Darasin kiɗa ya zama na lissafi da kimiyya.

Bayan haka a sa 'yan mata su kawo waƙar gaɗa ɗaya, a nemi matakanta a jikin wayar, a gano inda take kwana. A zana hawa da saukarta a allo da layi mai lanƙwasa kafin a kai ga layuka biyar. A darasin Hausa a sa yara su yi gunjin kalma da baki rufe, sauran su canki ko wuya ce ta jiki ko ta wahala. Sau ɗaya a zango a gayyato mai algaita ko mai gurmi na unguwa, a shimfiɗa masa tabarma, a kira shi malam, a sallame shi da mutunci. A gwada sautinsa da na wayar, inda suka saɓa a gaya wa yara cewa ba kuskure ya yi ba, awonsa ne daban. A ɗauki muryarsa da wayar hannu bayan an nemi izininsa, a rubuta sunansa da na wanda ya koya masa da ranar da aka ɗauka, a ajiye kwafi a makaranta.

Iyaye kuma aikinsu ya fi sauƙi. Kaka da take rera waƙar reno ko ta niƙa, a bar jikoki su zauna kusa da ita, a ɗauki muryarta tun tana da ƙarfi. Wanda ya koyi jin bambancin sautuka ba lallai ya zama maroƙi ba, kamar yadda wanda ya koyi lissafi ba lallai ya zama ɗan kasuwa ba. Zai dai fi iya karatu da kyau, ya fi saurin kama baƙon harshe, ya kuma san cewa abin da ake busawa a ƙofar fadar garinsu ilimi ne mai tsari.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, za a buƙaci sababbin littattafan makaranta. Lokaci ne da Jami'ar André Salifou, da makarantar horon malamai ta Zinder, da fadar Sultan za su zauna da makaɗan da suka rage, su fitar da ɗan littafi na Hausa mai bayanin tsani da mazauni da take, haɗe da muryoyin da za a iya turawa ta waya. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Dattawan da suka san abin suna nan da ransu, amma ba za su jira mu har abada ba. Allah ya ba malamanmu da iyayenmu ikon riƙe amanar.